Yadda Ake Cire Rediyon Mota Na Kamfani A Ɗaura Sabo Ba Tare Da An Yanka Waya Ba

Yawancin motocin da ke hannun mutane a Kano 'yan Kwatano ne, sun sha hanya a Turai ko Amurka kafin su iso mu, rediyon da suka zo da shi kuma na zamanin kaset ne da faifan CD. Yanzu kuwa karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙa duk a wayar hannu suke. Mutum yana so ya shiga mota salularsa ta kama Bluetooth, ya amsa kira hannunsa na kan sitiyari, in zai yi ribas ya ga bayansa a allo.

Aikin bai fi ƙarfin mai koyo ba. Abin da ya fi kawo mini motoci da matsala guda ɗaya ne: wani ya sa filaya ya datse soket ɗin da kamfani ya saka, ya zauna yana haɗa ja da ja, kore da kore. Launin wayoyin mota daban, launin wayoyin sabon rediyo daban, kowane kamfanin mota da nasa tsarin. Saboda haka duk bayanin da ke tafe a kan sharaɗi biyu yake: ba za ka yanka wayar mota ba, ba za ka haɗa wayar mota da ba ka auna ba.

Kayan da za ka tanada

Sufana mai lamba 10, ita ce ta kan batir, ita ce kuma ta yawancin notikan da ke riƙe rediyo a motocin Japan. Sukudireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya. Filayar feɗe waya. Ƙarfen dalma da dalmarsa, da robar nan da ake zura wa waya a hura mata zafi ta tsuke. Salatif ɗin lantarki mai kyau, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Ƙaramar tocila. Batir ɗin tocila ƙarami mai bolt 1.5 guda ɗaya, za ka ga amfaninsa a gaba.

Sai mita. Ko mafi arha ce ta wadatar, in dai tana auna bolt na DC da om, tana da ramin 10A, kuma tana yin ƙara idan aka haɗa bakunanta. In babu, ƙwan gwaji irin na masu rewaya zai nuna maka inda wuta take, amma ba zai gaya maka nawa ce ba, kuma a motocin da kwamfuta ke sarrafa komai bai kamata ka riƙa soka shi a kowace waya ba. Ka ari mita ya fi.

Akwai robobin ɓalle dashbod, masu faɗin baki. In ba ka samu ba, tsohon katin ATM yana yi, ko ka naɗe bakin sukudireba da tsumma. Sukudireba tsirara tana barin tabo a dashbod wanda ba ya gogewa. Motocin Turai irin su Golf da Peugeot ba noti ke riƙe rediyonsu ba, harsuna ne na ƙarfe a gefe, sai an zura wasu siraran makullai a ramukan fuskar rediyon kafin su saki. In ramukan zagayayyu ne, sifok ɗin keke da aka lanƙwasa yana buɗe su. In tsaga ce mai faɗi, a yanko guntun tsohon zarton ƙarfe a goge haƙoransa.

Abubuwa uku ne mutane ke mantawa sai sun buɗe mota: firem ɗin da zai cike gurbin, adaftar soket ta irin motarka, da adaftar eriya in motar Turai ce. Adaftar soket ɗin nan ita ce rabin aikin. Gefe ɗaya tana shiga soket ɗin mota kai tsaye, ɗaya gefen wayoyi ne masu launi irin na sabon rediyo. Ka nema a Sabon Gari wajen masu kayan sauti, ko a Ƙofar Ruwa. Kada ka je da baki kawai, ka je da hoton soket ɗin da shekarar motar.

Zaɓen rediyon

Girman rediyon mota iri biyu ne. DIN ɗaya faɗinsa santimita 18, tsayinsa 5. DIN biyu faɗin ɗaya ne, tsayi santimita 10. Gurbin motocin Toyota da yawa ya kai santimita 20, shi ya sa ake ganin rami hagu da dama in ba a sa robar cikewa ba. Manyan allunan Android masu inci 9 ko 10 kuwa kowanne da firem ɗin da aka zuba wa mota takamaimai, kuma galibi suna zuwa da soket ɗin motar a haɗe, abin da ke rage maka aiki sosai.

Ni dai in sauti ne damuwarka, Pioneer ko Sony ko Kenwood na asali mai DIN ɗaya ya fi allon Android mai araha daɗin ji da daɗewa. In allo kake so don taswira da kyamara, to kada ka sayi mai ƙwaƙwalwar aiki 1GB, zafin bazara da nauyin Google Maps za su sa ya riƙa sandarewa. Nemi 2GB zuwa sama, mai fanka ko ƙarfen sanyaya mai kauri a bayansa. Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwali, ka sa mai shago ya haɗa maka shi da batir ka danna da hannunka. Haka 50W x 4 ɗin da ake rubutawa, ƙarfin da ke fita a zahiri bai fi kamar wat 20 a kowace sifika ba, wannan kuma ya ishi sifikokin ƙofa.

In na hannu za ka saya, kula da wanda aka ciro daga motar Japan. Tsofaffinsu FM ɗinsu daga 76 yake farawa ya tsaya a 90. Za ka kama Dala FM a 88.5, amma Arewa Radio a 93.1 da Freedom a 99.5 har abada ba za ka ji su ba. Murɗa shi zuwa ƙarshe ka ga ya kai 108 kafin ka biya.

Motoci biyu suna buƙatar tunani tun kafin saye. Ta farko Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC. Maɓallan esi ɗinta da rediyon a jiki ɗaya suke, in ka fincike rediyon ka tafi da esin. Ko dai ka bar na kamfani a wurinsa ka ɗaura sabon a aljihun da ke ƙasansa, ko ka sayi firem na musamman da aka yi wa wannan motar wanda ke kula da esin. Ta biyu duk motar da ka ga an rubuta JBL ko Bose a jikin sifikar ƙofa. Wannan tana da amfilifaya ta kamfani, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti, a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko a but, adaftar gama-gari ba za ta fitar da sauti ba. Sai ka nemi adaftar da aka yi wa irin wannan tsarin, ko a ja wayoyin sifika su tsallake amfilifayar. In karonka na farko ne, wannan kam ka nemi mai rewaya ya tsaya maka.

Mataki na 1: Duba motar kafin ka taɓa ta

Kunna tsohon rediyon, ka karkata sautin gaba, baya, hagu, dama, ka san sifikar da ke aiki da wadda ta mutu tun tuni. In ba haka ba, ka gama aiki ka yi ta zargin haɗinka a kan sifikar da ta shekara ba ta motsi. Fitar da faifan da ke ciki. Duba fitilun da ke kunne a allon sitiyari. In motar Honda ce kuma za ka bar na kamfani a jiki, nemo lambar sirrinsa tukuna, sau da yawa tana kan wani ɗan kati ko a manne cikin aljihun dashbod, domin da zarar an cire batir zai kulle ya tambaye ta.

A bazara ka yi aikin a inuwa. A hunturu kuwa kada ka fara da sanyin asuba, bari hantsi ya ɗumama cikin motar, domin robar da rana ta shekara goma sha tana gasawa in ta yi sanyi karyewa take yi ba lanƙwasa.

Mataki na 2: Cire kan batir na negatif

Kashe mota, zare makulli, kwance kan da ke da alamar ragi, ka kautar da shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba. Dakata 'yan mintuna. In motar mai giyar otomatik ce kuma sandar giya za ta tare maka firem, ja burkin hannu ka jawo sandar giyar nesa da dashbod kafin ka cire batir ɗin.

Mataki na 3: Ɓalle firem ka fitar da tsohon

Kafin ka ja komai, nemi sukurorin da aka ɓoye: ƙarƙashin mazubin tokar sigari, cikin ƙaramin aljihu, bayan maɓallan esi da ake zarewa. Zura robar ɓallewa a kusurwa, ka ɗaga a hankali har ka ji ƙas, ka matsa gaba kaɗan ka sake. In wuri ya ƙi, akwai sukurun da ba ka gani ba, ƙarfi ba zai buɗe shi ba sai dai ya fasa.

Bayan firem ɗin akwai ƙananan soket na fitilar gargaɗi, agogo, a wasu motocin har da fitilar jakar iska ta fasinja. Ɗauki hotonsu kafin ka zare. Duk soket ko bututun waya mai launin rawaya kar da ka gani a cikin dashbod na jakar iska ne, ba ruwanka da shi, kada mita ta taɓa shi balle batir.

Kwance notikan rediyon, galibi huɗu ne, ka riƙe su da kyau, don wanda ya faɗa cikin dashbod ya tafi, sai dai ka riƙa jin ƙararsa a kowane rami. Jawo rediyon, danna harshen soket ka zare, zare eriya. Ja soket, kada ka ja waya. Ƙarafan da ke gefen tsohon rediyon a Toyota da Honda da Nissan ka kwance su, su za ka mayar wa sabon. Duba alamar L da R a jikinsu.

Mataki na 4: Haɗa wayoyi a kan tebur, ba a cikin mota ba

Ɗauki igiyar wayoyin da ta zo da sabon rediyo da adaftar motarka ka shiga ɗaki. A nan ne kawai bin launi ya halatta, domin ɓangarorin biyu tsari ɗaya suke bi.

Rawaya ita ce wutar dindindin daga batir, ita ke riƙe tashoshi da agogo, kuma ta nan rediyon ke jan yawancin wutarsa. Ja ita ce wutar makulli, sai an murɗa take zuwa. Baƙa negatif ce, ta jikin mota. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai ratsin fari ta tayar da amfilifaya. Mai ruwan lemo ta fitila ce, ita ke rage hasken allo da dare. Sifikoki kuwa biyu-biyu suke: fara ta gaban hagu, mai ruwan toka ta gaban dama, koriya ta bayan hagu, shunayya ta bayan dama. A kowace biyu, mai ratsin baƙi ita ce negatif. Allunan Android na China wani lokaci suna saɓa wa wannan a wayoyin ƙari, don haka karanta ɗan rubutun da ke manne a kowace waya da zanen da ke saman rediyon.

Feɗe kamar santimita ɗaya da rabi a kowane gefe. Zura robar tsukewa tun kafin ka haɗa, mutane da yawa sai sun gama dalma suke tunawa. Murɗe wayoyin biyu a miƙe, ɗora ƙarfen dalma a ƙarƙashi har wayar ta yi zafi, ka taɓa dalmar a kan wayar ta narke ta shige cikin zaren. In ka narkar da ita a bakin ƙarfen ka ɗiga, sama kawai za ta zauna, girgizar hanya ta ɓalle ta. Ja robar ta rufe, ka hura mata zafi da ashana ko laita daga nesa kaɗan. Ja haɗin da hannu ka ji ya riƙe.

In babu wuta ko babu ƙarfen dalma, akwai ƙananan bututun ƙarfe da ake matsewa da filaya, suna aiki lafiya. In su ma babu, murɗe wayar sosai, lanƙwasa ta baya, naɗa salatif mai kyau kana ja yana miƙewa, sannan ka ɗaure da igiyar roba a kai. Salatif shi kaɗai ba ya jure Kano. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, gam ɗinsa narkewa yake yi, ya warware, rawaya ta taɓa ƙarfe, fiyus ya tafi in an yi sa'a.

Duk wayar da ba ka yi amfani da ita ba, rufe bakinta ita kaɗai. Kada ka haɗa negatif ɗin sifikoki wuri ɗaya, kada ka ɗaura ko ɗaya a jikin mota. A rediyon zamani duk wayoyin sifika biyun suna ɗauke da wuta, haɗa su da ƙarfe yana ƙona abin da ke ƙara sautin nan take.

Masu Golf da Passat da Opel, ku lura: soket ɗinku iri ɗaya ne da na sabon rediyo har ya kan shiga ba adafta, amma a yawancinsu gurbin rawaya da ja a juye yake. Alamarsa, rediyo yana aiki amma kullum ka kashe mota sai ya manta tashoshi. Shi ya sa ake sa wa wayoyin biyu mahaɗin da ake zarewa a tsakiya. Zare, ka musanya su, shi ke nan.

Mataki na 5: In adafta ta gagara, ko ka tarar an riga an yanke soket

Dabara ta farko: nemi mataccen rediyo irin na motarka a Ƙofar Ruwa, a ciro maka soket ɗin bayansa, ka yi wa ƙafafunsa dalma da wayoyi. Ka yi adaftarka ke nan. Ta biyu: feɗe bawon wayar mota kaɗan a bayan soket ba tare da ka datse ta ba, ka naɗa taka a kai ka yi dalma. Soket ɗin na nan, ranar da za ka sayar da motar ka mayar da na kamfani.

Ko wacce ka bi, sai ka gano aikin kowace waya, nan ne mita ke shigowa. Raba bakunan wayoyin kada su taɓa juna, mayar da duk ƙananan soket ɗin firem da ka zare, sannan ka mayar da kan batir. In ka murɗa makulli soket ɗin fitilar jakar iska na zare, fitilar SRS, mai nuna matsalar jakar iska, za ta kama, a wasu motocin kuma sai an sa kwamfuta take mutuwa.

Sa mita a bolt 20 na DC, baƙin bakinta a ƙarfen dashbod mara fenti. Makulli a kashe, bi wayoyin da jan baki: wadda ta nuna 12 da ɗoriya ita ce ta dindindin. Murɗa makulli zuwa ACC, inda rediyo ke kamawa inji bai tashi ba: wadda ta tashi yanzu, ta kuma mutu in ka kashe, ita ce ta makulli. Kunna ƙananan fitilu: wadda ta tashi ita ce ta haske. Manna wa kowacce takarda da suna nan take.

Negatif ce ke yaudarar mutane. Wayar hasken dashbod in fitilu na kashe tana iya sa mita ta yi ƙara kamar negatif, domin ta bi ta cikin ƙwayayen fitila ta isa jikin mota. Mutum ya haɗa baƙar waya a kanta, rediyo ya yi aiki da rana, magariba na yi ya kunna fitila fiyus ya ƙone, fitilun baya su mutu yana tsakiyar titi. Hanyar da ba ta da shakka ita ce ka ɗaure baƙar wayar da noti a ƙarfen dashbod, ka kankare wurin ya yi fari.

Sifikoki kuma ga aikin ɗan batir ɗin tocila. Sake cire kan batir ɗin mota. Cikin wayoyin da suka rage, ɗauki biyu da suke tafiya tare, galibi a murɗe da juna, ka auna su da mita a ma'aunin om. In ta nuna kusan 4, sifika ce. Taɓa su a kan ɗan batir ɗin ka saki: za ka ji ɓus daga ƙofa ɗaya. In kana ganin takardar sifikar, lura da motsinta. In ta turo waje, wayar da ke kan fozitif ɗin batir ita ce fozitif. Taɓawa kawai, kada ka riƙe. Kuma kada ka yi wannan gwajin a wayar da ba ta cikin igiyar rediyo.

Wasu motocin Turai na bayan shekarar 2000, irin su Peugeot 307 da 407, za ka neme wutar makulli ka rasa, domin kwamfutar mota ce ke aika wa rediyo saƙon ya tashi. Ko ka sa akwatin CAN da aka yi wa motar, wanda ke karanta wannan saƙon ya ba sabon rediyo wuta, ko ka jawo jar wayar daga bayan soket ɗin laita in yana mutuwa da makulli, ka sa mata ɗan fiyus a hanya. Abin da ba a yi shi ne haɗa ja da rawaya wuri ɗaya a wutar dindindin. Rediyon ba zai taɓa barci ba, ranar da motar ta kwana biyu a ajiye sai an tura.

Mataki na 6: Eriya da sauran 'yan wayoyi

In eriyar motarka a jikin gilashin baya take, tana da ɗan abin ƙara ƙarfi da ke buƙatar wuta, shuɗiyar waya ce ke ba shi. Ka bar ta a sake, tashoshin cikin gari za su kama da shuu, kana wuce Kwanar Dawaki ko Wudil su ɓace. Motocin Volkswagen ta cikin wayar eriyar kanta suke aika wutar, don haka adaftarsu mai ɗan akwati da shuɗiyar waya ake nema, ba zallan ƙarfe ba.

Makirfo ka manna shi kusa da madubin tsakiya ko saman sitiyari, nesa da bakin esi. Eriyar GPS tana son ganin sama, roba ba ta tare ta amma ƙarfe yana tarewa, saboda haka saman dashbod ko can ƙarƙashin robarsa. Wayar USB ka fitar da ita cikin aljihun dashbod.

Kyamarar baya tana shan wuta daga fitilar ribas. Wayar hotonta mai kan rawaya ka bi da ita ta ƙarƙashin robar bakin ƙofa har gaba, siririyar wayar da ke tafe da ita kuma ta shiga wadda aka rubuta wa BACK ko REVERSE a rediyo, ita ke juya allo in ka sa ribas. Maɓallan sitiyari a allunan Android suna shiga KEY1 da KEY2, daga baya ka koya wa rediyon kowane maɓalli a cikin saiti. Pioneer da Sony sai da adafta ta daban.

Akwai wayar burkin hannu, wadda ke hana bidiyo kunnuwa mota na tafiya. Kowa ya san in an ɗaura ta a jikin mota bidiyon zai yi ta yi. Ni ba na yi wa mutum haka. Wanda ke bin titin Zariya da yamma tsakanin 'yan adaidaita sahu ba shi da idon da zai ba fim.

Mataki na 7: Gwada kafin ka rufe

Soka komai, ɗora rediyon a bakin gurbin a kan tsumma, mayar da kan batir. Murɗa makulli. In bai tashi ba, duba fiyus ɗin bayansa, yawanci mai lamba 10 ne, sannan na akwatin mota, sannan baƙar waya. Fiyus in ya ƙone ka mayar da mai lamba irin tasa. Naɗa masa zaren waya ko takardar sigari shi ne yadda dashbod ke kamawa da wuta.

Ajiye tasha ɗaya, kashe mota, zare makulli, ka sake kunnawa ka ga ko tana nan. Karkata sauti kusurwa huɗu ka tabbatar kowacce a wurinta take. Sannan sa waƙa mai ganga, ka saurara sauti na tsakiya, ka karkata shi hagu gaba ɗaya. In gangar ta fi nauyi a gefe ɗaya fiye da tsakiya, sifika ɗaya a juye take, musanya wayoyinta biyu. In FM na tsallake tasha, shiga saiti ka sauya yankin rediyon zuwa Turai. Kunna fitilu, kunna esi, danna fitilar gargaɗi, sa ribas. Tayar da inji ka ba shi wuta: in ka ji wani siririn kuka yana hawa da sauka tare da totur, negatif ɗinka bai zauna ba, sauya masa wuri ka kankare da kyau.

Mataki na 8: Ɗaurewa

Sa ƙarafan gefe da sukurorin da suka zo cikin kwalin sabon rediyo. Na tsohon sukan fi tsawo, su huda su taɓa allon lantarkin ciki. Kada ka matse su sai ka gwada firem ka ga fuskar ta zauna daidai. Tattara wayoyin ka ɗaure, ka tura su ƙasa ko gefe, ba bayan rediyon kai tsaye ba, don ya samu wurin shan iska kuma kada a danne soket. In ya ƙi shiga, fito da shi ka gyara wayoyin. Mai DIN ɗaya da ke zama cikin kejin ƙarfe, lanƙwasa harsunan kejin su kama bakin gurbin. Mayar da firem, kowane harshe a raminsa kafin ka buga da tafin hannu.

Agogo zai buƙaci saiti, gilashin da ke hawa da kansa a wasu motocin sai ka riƙe maɓallinsa a sama na 'yan daƙiƙu kafin ya tuna, inji ma kan ɗan yi rawa kafin ya daidaita. Duk cire batir ne ya jawo, ba ɓarna ba ce.

Mataki na 9: In za ka ƙara amfilifaya da wufa

Wutar amfilifaya daga kan batir kai tsaye ake jawo ta, ba daga bayan rediyo ba. Waya mai kauri, lamba 8 ga matsakaiciya, lamba 4 ga babba. Kankare bakin wayar kafin ka saya: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, sai ka ɗauki wadda ta fi kauri ko ka nemi ta jan ƙarfe zalla. Fiyus ɗinta ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, domin wayar yake karewa, kuma shi ne abu na ƙarshe da za ka soka. Shigar da ita cikin mota ta ramin da ke da roba, ƙarfe tsirara zai ci bawonta a hankali. Wayar wuta ta bi gefe ɗaya na motar, wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, su bi ɗaya gefen. Negatif ɗin amfilifaya gajere, kaurinsa ɗaya da na wutar, a ƙarfen da aka kankare. Shuɗiya mai ratsin fari daga rediyo ta shiga inda aka rubuta REM a jikin amfilifaya.

Maɓallin GAIN da ke jikin amfilifaya ba na ƙara murya ba ne. Mayar da shi ƙasa, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ɗaga shi har sauti ya fara dagulewa, ka dawo baya kaɗan. In fitilun mota na lumshewa da kowane bugun ganga, auna batir inji na aiki. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya gaza haka, matsalar a altaneta take ko kan batir, ƙara wufa ba zai gyara ta ba. Ɗaure akwatin wufar a but kada ya riƙa yawo. Kuma a rage murya in an shigo layi ko an zo kusa da masallaci, maƙwabta ba su saya tare da kai ba.

Mataki na 10: Auna ko yana shan batir a ɓoye

Allunan Android da yawa ba sa mutuwa gaba ɗaya, barci suke yi don su tashi da sauri. Kashe mota, rufe ƙofofi, mayar da jan bakin mita ramin 10A, cire kan negatif ka sa mitar tsakaninsa da batir. Kada ka murɗa makulli mita na haka, za ta ƙone. Jira, domin wasu motocin sai sun kai rabin awa kafin kwamfutocinsu su kwanta. Lambar ta sauko kusan 0.05 ko ƙasa. In ta tsaya a 0.3 ko sama, zare soket ɗin rediyon ka gani. In ta faɗi, shiga saitinsa ka rage lokacin barcin ko ka kashe shi, ka kuma sake auna jar waya ka tabbatar tana mutuwa da makulli. In amfilifaya ce ta ƙi kwanciya, REM ɗinta a wutar dindindin aka haɗa, mayar da ita kan shuɗiya mai ratsin fari.